Filin Tambayoyinku: Batir Ne Ke Zaɓen Cajarsa

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: baturan ajiya, irin waɗanda aka ƙera don a zuƙe su da dare a sake cika su da rana, waɗanda masu sana'a ke kira dif-saikul. Kowa yana tambayar wace na'ura zai saya ta riƙa yi masa caji. Na ɗauki biyar. Ta farkon za ta ci wuri, domin wanda ya gane amsarta ya gane rabin ta sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da batura huɗu masu ruwa, kowanne bolt 12, amfiya-awa 200, a kan inbata mai bolt 24. Cajar da ke cikin inbatar amfiya 15 take bayarwa, wutar layi kuma ba ta wuce awa biyar a rana a wajenmu. Da farko baturan kan kai mu asuba, yanzu ko sha biyun dare ba sa kaiwa, alhali ba su shekara ba. Ina so in sayi caja ta daban da janareta. Mai sayarwa ya ce in ɗauki mai amfiya 100, wai cikin awa biyu za ta cika su. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Dakata da sayen tukuna. Ɗauko takarda mu yi lissafi tare, don ciwon yana cikin wasiƙarka, maganin ma yana ciki.

Batura huɗu a kan inbata mai bolt 24 na nufin an haɗa su biyu-biyu a jere, sannan aka gama layukan biyu gefe da gefe. Haɗin jere bolt yake ƙarawa, haɗin gefe da gefe kuma amfiya-awa, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa. Ke nan abin da ke ɗakinka bolt 24 ne, amfiya-awa 400, ba 800 ba kamar yadda wasu ke tarawa. Batirin dalma irin naka ba a so a riƙa zuƙe shi fiye da rabi, to mu ce kowane dare kuna shan 200. Wajen mayarwa kuma 200 ɗin ba ta isa, domin wani kaso yana tafiya a zafi da tafasar ruwa. Sai an zuba kamar 220 zuwa 240 kafin ya koma yadda yake. Cajarka 15 take bayarwa a awa. Awa biyar, 75 ke nan, in ma ta yi aiki bakin ƙarfinta. An sha 200, an mayar da 75. Cikin 'yan kwanaki baturan sun koma zama a ƙasa, ɗan abin da aka zuba da rana shi ake sha da dare, ba su ƙara ganin cika ba. Ba tsufa suka yi ba Malam, yunwa ce.

Ga abin da yunwar ke yi a ciki. Duk lokacin da batir ke ba da wuta, asid ɗin ruwansa yana kama dalmar farantansa, su zama wani farin gishiri da ake kira salfet. Wannan ba cuta ba ce, haka batirin yake aiki tun ranar da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙera na farko a 1859. Caji ne ke narkar da gishirin ya mayar da shi asid. Amma in aka bar shi kwana da kwanaki ba a narkar ba, sai ya sandare ya yi tauri, ya rufe fuskar faranti, caji ya kasa taɓa shi. Duk wurin da ya rufe ya fita daga lissafi. Batirin da aka rubuta wa 200 sai ya koma 120, sannan 80, jikinsa kuwa fes kamar sabo.

To wace caja? Ba daga kanti ake fara wannan tambayar ba, daga batir ake farawa. Masu ƙera batura masu ruwa galibi suna so a ba su amfiyar da ta kai kashi 10 zuwa 13 cikin 100 na girmansu. Rufaffu irin AGM suna iya karɓar kashi 20. A naka lissafin, kashi 10 na 400 shi ne 40, kashi 13 kuma 52. Caja mai bolt 24 da ke ba da amfiya 40 zuwa 50 ita ce taka. Ba ma lallai ka watsar da ta cikin inbatar ba: in ka sayi mai amfiya 30 ka saita su a bolt ɗaya, su biyun za su ba ka 45. Idan kuma akwai kayan da ke jan wuta kai tsaye daga baturan a lokacin da ake caji, ƙara nasu a kai, don abin da suka sha a hanya bai isa batir ba.

Ita kuwa mai amfiya 100, kashi 25 ke nan, kusan ninki biyu na abin da baturanka ke so. Sauri ya haifi nawa. Ka taɓa cika jarka mai ƙaramin baki a famfo? Da farko kana iya sakin ruwa da ƙarfi, amma da ya doshi wuya dole ka rage, in ba haka ba ya taso ya yi ambaliya, ka ɗauka ta cika alhali da saura. Batirin dalma daga rabi zuwa wajen kashi 80 yana karɓar duk abin da aka ba shi. Daga nan sai ya fara ƙi, shi da kansa yake rage abin da yake sha, kuma babu cajar da za ta tilasta masa ba tare da ta cutar da shi ba. Mai amfiya 45 za ta kai ka kashi 80 cikin ƙasa da awa uku. Mai 100 za ta rage maka kamar awa ɗaya da rabi a wannan zangon, ta bar ka da zafi, da ƙonewar ruwa, da farantai masu zubar da jikinsu. Sauran kashi 20 ɗin kuwa sai ya ci awa uku zuwa huɗunsa, ko wace caja ka kawo. Maganar awa biyu ba ta da tushe.

Akwai abin da ya fi yawan amfiya muhimmanci, kuma ba kasafai mai sayarwa ke ambatonsa ba: cajar ta san matakai uku. A na farko, ɗura, tana sakin dukkan amfiyarta, bolt yana hawa. A na biyu, ƙosarwa, tana riƙe bolt a wuri ɗaya, amfiya tana sauka da kanta. A na uku, riƙo, tana sauke bolt ta tsare batir a cike ba tare da ta dafa shi ba. A allon na'ura za ka gan su da sunayen bolk, abzofshan da fulot. Na tsakiyan nan shi ne ke narkar da ragowar gishirin, kuma shi ne kullum ake yankewa, ko don an ɗauke wuta, ko don an kashe inji, ko don cajar ta kunna koriyar fitila tun lokaci bai yi ba. Ni ba na yarda da koriyar fitila. Alamar cika ita ce bolt yana tsaye a inda aka saita shi, amfiya kuma ta sauko zuwa wajen kashi 2 cikin 100 na girman baturan, wato kamar amfiya 8 a naka.

Bolt ɗin ƙosarwa ya bambanta da irin batir. A kan kowane batir mai bolt 12, mai ruwa yana son 14.4 zuwa 14.8, AGM 14.4 zuwa 14.7, jel kuma ƙasa da haka, 14.1 zuwa 14.4. Na riƙo wajen 13.5. Kai da kake kan bolt 24 sai ka ninka: 28.8 zuwa 29.6 a ƙosarwa, wajen 27 a riƙo. Waɗannan na gama-gari ne, takardar kamfanin da ya ƙera batirinka ita ce alƙali. Shi ya sa nake nacewa a sayi cajar da ake iya saita wa bolt da tsawon lokaci da hannu. Wadda ba ta da komai sai maɓallin kunnawa da kashewa, ko nawa amfiyarta, ka bar ta inda ka gan ta.

Ka kuma tambaya ko tana da 'yar wayar auna zafi da ake mannawa a jikin batir. Duk lambobin can a zafin digiri 25 aka tsara su. Batir mai bolt 12 gida shida ne a ciki, kuma kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru ana rage milibolt 3 zuwa 5 a kan kowane gida (milibolt dubu ne bolt ɗaya). Layinka gida 12 ne, don haka in baturan suna digiri 35, ya kamata bolt ya sauka da kamar 0.4 zuwa 0.6. Cajar da ba ta san wannan ba za ta riƙa dafa su a lokacin zafi, ta bar su da yunwa a lokacin sanyi. Zafi ma shi kaɗai maƙiyi ne: ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi. A ajiye su inda iska ke ratsawa, nesa da hayaƙin janareta.

Yanzu janareta. Amfiya 45 sau bolt 29, wat 1,300 ke nan ke shiga batir. Caja tana cinye wani abu a cikinta, a ce tana jan wat 1,550 daga soket. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Cajoji da yawa ba sa jan wuta sumul, fizgarta suke yi, sai inji ya ji nauyin ya fi abin da ake ci a zahiri. A takardar caja ana rubuta wannan da harufan PF. In lambar 0.7 ce, wat 1,550 zai zama wa janareta nauyin kVA 2.2, a ma'aunin da ake rubuta ƙarfin janareta da shi. In tana kusa da 1, nauyin bai wuce 1.6 ba. Ga shi ba a so inji ya daɗe yana ɗauke da fiye da kashi 80 na ƙarfinsa, kuma babbar lambar da ke jikinsa sau da yawa ta ɗan lokaci ce, ta aikin dindindin tana ƙasa da ita. Saboda haka caja mai PF 0.7 tana son janareta mai kVA 3, mai gyararren PF kuma 2 zuwa 2.5 ya ishe ta. Wannan na caja ne kaɗai. Firiji da fanka da fitilun da za su hau kansa a lokacin, sai ka ɗora nasu.

Amma duba wani abu. Da caja mai amfiya 45, awa biyar ɗin wutar layi, in a jere take zuwa, za ta gama maka ɗura ta ci fiye da rabin ƙosarwa. Ke nan janareta ba na kullum ba ne, na ƙarasawa ne. In ka san lokacin da wutar ke zuwa, tayar da inji kafin ta zo, ya yi ɗura, wutar layi ta yi ƙosarwa, domin a ƙosarwa inji yana shan mai ne yana ba da abu kaɗan. Ko yaya aka yi, kada mako ya wuce baturan ba su cika har ƙarshe ba.

Waya kuma kada a yi mata rowa. An taɓa kirana in duba wasu batura da aka ce sabuwar caja ta kasa cikawa. Na ɗora mita a bakin caja, 28.8. Na ɗora a kan baturan, 28.1. Na kama wayar, ɗumi ya ratso tafin hannuna. Siririya ce mai kaurin murabba'in milimita 6, tsawon mita uku zuwa, uku dawowa, tana ɗauke da amfiya 40, ta cinye bolt 0.7 a hanya. Caja tana ganin ta kai, ta fara ja da baya, baturan kuwa ba su kai ba. Da aka sa mai murabba'in milimita 25 ta jan ƙarfe zalla, asarar ta koma ƙasa da 0.2. Sa waya mai kauri, gajera, a ɗaure kawunan tamau, kuma a sa fis kusa da kan ja na batir. Waɗannan batura in wayarsu ta haɗu suna iya sakin dubban amfiya cikin ƙiftawar ido, Allah ya kiyaye.

Su kuma baturan da ke hannunka, kada ka fid da rai. Samu haidiromita, bututun gilashin nan mai robar matsawa a ka. Bayan caji cikakke, buɗe kowane gida ka zuƙo ruwa, ka ɗaga daidai idonka ka karanta inda ƙwallon ya tsaya. Cikakken gida yana tsakanin 1.250 da 1.280, gwargwadon kamfani. Dubi launin ruwan ma: in garau yake, da sauran fata, in ya yi duhu kamar an dama ƙasa, farantan sun fara zuba. Idan gidajen sun bambanta da 0.030 ko fiye, a yi musu cajin daidaitawa, wato a ɗaga bolt zuwa 31 ko 32 a layin 24, a cire inbata da sauran kaya, a riƙa aunawa duk awa, a tsaya da zarar lambar ta daina hawa ko batir ya doshi digiri 50. Masu ruwa kaɗai ake yi wa wannan. A buɗe tagogi, ba sigari, ba walda, ba tartsatsi, domin iskar haidirojin da ke fita tana kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Sa tabarau. In ruwa ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba na famfo ba. Wasu za su farfaɗo sosai, wasu kaɗan. Tunda ba su shekara ba, ina kyautata zato.

TAMBAYA: Ƙaramin janaretana yana da wata kafa da aka rubuta bolt 12 a kai, har da wayarta mai baki biyu. Zan iya riƙa cajin batirina mai amfiya-awa 200 da ita, in huta da sayen caja?

AMSA: A'a ɗan'uwa. Wannan kafar an yi ta ne don a ɗan tayar da batirin mota da ya kwanta. Galibi amfiya 8 take bayarwa, kashi 4 kacal na girman batirinka. In ka sha rabinsa, sai inji ya yi awa 13 ko 14 yana kuka kafin ya mayar, injin da zai iya ba da ɗaruruwan wat yana ba da ɗari ɗaya. Mafi yawansu kuma ba su da abin da ke tsayar da bolt. In ka manta, za ta ci gaba da turawa har batir ya tafasa. Sayi caja mai matakai uku, bolt 12, amfiya 20 zuwa 25, ka sa ta a soket ɗin janaretan na wutar gida. Tsohuwar cajar gareji mai nauyin tsiya da allura a gaba ita ma hukuncinsu ɗaya da waccan kafar.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina da farantan sola biyu, kowanne wat 300, da batura biyu masu amfiya-awa 200 da aka haɗa a bolt 12. Kwantirolata an rubuta mata PWM, amfiya 30. Rana tana dukan farantan tun safe, amma ban taɓa ganin allon ya wuce amfiya 19 ba. Wanda ya haɗa min ya ce in ƙara faranti biyu. Shin haka ne?

AMSA: Barka kadai Hajiya. Kin kyauta da kika kula da lambar allon, don ita ta ba da amsar. Farantanki lafiyarsu ƙalau, kwantirolar, wato na'urar da ke tsara caji tsakanin faranti da batir, ita ce ba ta dace da su ba.

Leƙa bayan farantin, akwai takarda a manne. Faranti mai wat 300 yakan ba da ƙarfinsa a wajen bolt 32, amfiya 9 da ɗoriya. In kin ninka biyun za ki ga wat 300. Ita PWM ba ta da dabarar canza bolt, haɗa faranti take yi da batir kai tsaye, sai batir ya janyo bolt ɗin farantin ƙasa zuwa nasa, wajen 13.5. Amfiya kuwa tana nan a 9 da ɗoriyarta. Ninka 9.5 da 13.5, wat 130 bai cika ba. Kin sayi wat 600, kina cin kamar 260. Amfiya 19 ɗin da kike gani ita ce iyakar abin da wannan haɗin zai iya, ko rana ta fi haka zafi. In kika ƙara faranti biyu, za su zama amfiya 38 a kan kwantirola mai 30, ga asara ga haɗari.

Kwantirola irin MPPT ita ce maganin. Tana barin faranti ya yi aiki a bolt ɗinsa na 32, sannan ta sauke bolt ɗin zuwa na batir ta mayar da rarar amfiya. Da farantan nan naki biyu, ba ƙari, za ki riƙa ganin amfiya 33 zuwa 38 da tsakar rana. Ba za ki ga cikakken wat 600 ba, domin a ɗakin gwaji aka auna shi, da hasken wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita da zafin digiri 25, faranti kuwa a kan rufi ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma kowane ƙarin digiri yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin 100. Duk da haka kin kusa ninka abin da kike samu, kin kuma matso kusa da amfiya 40 ɗin da baturanki masu amfiya-awa 400 ke so.

Wajen saye lambobi biyu za ki duba, galibi a haɗe ake rubuta su, kamar 100/50. Ta biyun ita ce amfiyar da za ta iya tura wa batir. 40 zuwa 50 ta ishe ki. Ta farkon ita ce iyakar bolt ɗin da za ta jure daga farantai, kuma wannan ba a wasa da ita. Ba 32 ake dubawa ba, ana duba bolt ɗin farantin lokacin da ba a jan komai daga gare shi, Voc a takardar, wanda ke wajen 40. Biyu a jere 80, da sanyin safiya ya kan ɗan haura haka, mai 100 za ta ɗauka. Uku a jere 120, za su ƙona ta tun ranar farko. Ki gaya wa mai haɗin ya fara jona batir kafin farantai, wajen cirewa kuma farantai ne farko.

Ban ce PWM ba ta da amfani ba. A ƙaramin haɗi, da faranti mai ba da ƙarfinsa a bolt 18 a kan batir mai 12, tana aiki lafiya lau. Abu ɗaya zan ƙara miki: a rana mai kyau farantan nan za su tara miki wat-awa 2,200 ko kusa, rabin baturanki kuma 2,400 ne. In kina shan rabin kowane dare, ba za su riƙa cika ba ko da MPPT. Ki tsaya a wajen 1,800, ko kuma a lokacin ne ƙarin faranti zai yi ma'ana.

TAMBAYA: Na gaji da zuba ruwa, zan koma batirin litiyom. Inbatata mai bolt 48 ce, tana da caja a ciki. Sai na canza ta?

AMSA: Ya danganta da abu ɗaya Malam: ana iya saita ta ko ba a iyawa. Irin litiyom ɗin da ake sawa a gidaje shi ne LiFePO4, kuma halinsa ya saɓa da na dalma a wurare da dama. Ba ya yin salfet, don haka bai damu da ya cika kullum ba. Zama a cike ƙil na tsawon lokaci ma shi ne ba ya so. Ba ya buƙatar doguwar ƙosarwa. Cajin daidaitawa haramun ne a kansa, rage bolt saboda zafi ma ana kashe shi. Duk cajar da ke da tsarin harba bolt sama don narkar da salfet, in ba a iya kashe tsarin, kada ta kusance shi.

Kafin ka saita komai, tambayi gida nawa ne a cikin batirin. Kowane gida bolt 3.2 ne, iyakarsa 3.65. Akwai masu gida 16, an rubuta musu 51.2, ana cajinsu a wajen 56 zuwa 57.6. Akwai masu gida 15, an rubuta musu 48, su kuma wajen 52.5 zuwa 54. Duka biyun a kasuwa "bolt 48" ake ce musu. In ka ba mai gida 15 bolt ɗin mai 16, na'urar tsaron da ke cikinsa, BMS, za ta riƙa yanke caji. Aikinta ke nan, amma an sa ta ne don ranar da wani abu ya lalace, ba don ta riƙa tare kuskuren saiti kullum ba. In inbatarka tana da kafar da ke magana da BMS ta waya, kuma sun san yaren juna, yi amfani da ita, batir da kansa zai riƙa faɗa wa caja abin da yake so.

Ga wanda mutane ba sa tsammani. Dalma tana rage shan wuta tun daga kashi 80, caja da inji su sami sarari. Litiyom kuwa yana shanye duk abin da aka ba shi har ya kusa cika. Yawancinsu suna karɓar rabin girmansu, wato amfiya 50 a kan mai amfiya-awa 100. Cajarka za ta yi aiki bakin ƙarfinta daga farko har ƙarshe, janareta ma haka. Amfiya 50 a bolt 56 wat 2,800 ne, kafin a sa asarar caja. In injinka bai kai ba, shiga saitin inbata ka rage amfiyar caji ko ka ƙayyade abin da za ta ja daga janareta. Wannan dalilin ne ya sa ba a jona litiyom kai tsaye da altanetar mota. Zai matse ta har ta ƙone, sai an sa cajar DC zuwa DC, mai ƙayyade amfiyar da batir zai ja, a tsakani. Kuma ba a cajinsa in sanyi ya kai digiri 0 ko ƙasa.

TAMBAYA: Batura biyu gare ni a jere, bolt 24. Ɗaya yana zafi yana shan ruwa, ɗayan shiru. Cajar ce ta lalace?

AMSA: Da wuya. Caja jimla kawai take gani. In ta ga 28.8 ta gamsu, ba ruwanta da cewa ɗaya yana 15.5 ɗayan yana 13.3. Ɗora mita a kan kowanne daban lokacin da ake ƙosarwa. Bai kamata su bambanta da fiye da 0.2 ko 0.3 ba. Abu biyu ke yawan kawo wannan: an haɗa sabo da tsoho, ko an saci bolt 12 daga batir ɗaya don fitila ko rediyo. In na biyun ne, cire wayar yau, ka sa 'yar na'urar da ke sauke bolt 24 zuwa 12. Sannan raba baturan, ka cika kowanne shi kaɗai da caja mai bolt 12 har ƙarshen ƙosarwa, ka bar su su huta awa huɗu zuwa shida, ka auna. In dukansu sun tsaya a 12.6 zuwa 12.8, mayar da su, ka ƙara balansa a tsakaninsu ta riƙa daidaita su. In ɗaya ya faɗo wajen 10.5, gida ɗaya ya mutu a cikinsa, kuma ba shi kaɗai za ka canza ba, su biyun za a sauya tare.